Sunan yanka, sunan gida, sunan takarda: abin da ya sa zaɓen sunan jariri ya yi nauyi a Damagaram

Tsakanin haihuwa da zanen suna mako ɗaya ne tak, amma a gidaje da yawa na Damagaram babu makon da ake yin ƙus-ƙus da shawara da haɗiye ɓacin rai kamarsa. Mata suna ta shigowa barka, mai jego tana fama da wankan ruwan zafi da kunun kanwa, angon ƙarni yana zirga-zirgar rago da goro da dabino. A ƙarƙashin duk wannan hidima kuwa kowa yana riƙe da suna a cikinsa. Uba yana da nasa. Uwa tana da nata tun cikin bai fito ba. Kaka ta wajen uba tana ganin maganar ma ba ta taso ba, tunda har yanzu ba a mayar da sunan marigayi maigidanta ba. Ƙannen mai jego kuma sun riga sun turo jerin sunaye ta WhatsApp, kowanne da fassararsa a gefe.

Dattawa sukan ce a zamaninsu ba a wannan ja-in-ja: uba ya raɗa wa liman suna, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, a shafa fatiha a watse. Haka ne, amma haƙurin mutanen da kaɗai bai isa ya bayyana bambancin ba. A da yaro yakan tashi da suna uku ko huɗu, kuma kowane ɓangare na gida yana da rabonsa a ciki. Yau takardar haihuwa da rajistar makaranta da katin ɗan ƙasa suna ɗaya suka sani, shi kuma duniya za ta riƙa kira har mutum ya tsufa. Abin da ake raba wa mutum huɗu ko biyar ya dawo gurbi ɗaya, kowa kuma yana son gurbin. A ganina daga nan nauyin ya fito.

Abin da addini ya ɗora a wannan babi kaɗan ne, kuma a fili yake. Hadisin Samura ɗan Jundubu ya nuna a yi wa jariri yanka ranar bakwai, a aske masa kai, a sa masa suna. A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta zaurukan malamanmu suke, dabba ɗaya ce ga namiji da mace, mai irin shekaru da lafiyar dabbar layya. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce ba a lissafa ranar da aka haihu a cikin bakwan, shi ya sa wanda aka haifa da hantsin Talata sai wata Talatar ake zanen sunansa. Shi sunan kansa ba dole ba ne ya jira ranar yanka, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. Iyaye maza da yawa haka suke yi: tun ranar farko su yi wa jariri huɗuba da sunan, su ɓoye shi a ransu har safiyar taro.

Game da zaɓen, hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. An kuma tabbatar cewa Annabi yakan canza suna idan ma'anarsa ta munana ko ta ƙunshi yabon kai, kamar yadda ya mayar da Barra ta koma Zainab. Akwai labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Haznu, wato ƙasa mai tsauri da gargada. Annabi ya ce masa ya zama Sahlu, mai sauƙi, shi kuwa ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsaurin bai bar zuriyarsu ba. Bahaushe ma ya ce suna linzami. Bayan waɗannan iyakoki, wato kada suna ya ƙunshi bautar wanin Allah, kada ya munana, kada ya zama cika baki, fili a buɗe yake. Babu nassin da ya ce lallai sai sunan Larabci. Ibrahim da Isma'ila da Ishaƙa da Yusufu su kansu malaman nahawu ba su lissafa su cikin kalmomin Larabci na asali ba.

Duk da faɗin wannan fili, sunayen yankan da kakanninmu suke zaɓa daga ciki ba su da yawa: annabawa, manyan sahabbai, matan Annabi da 'ya'yansa, sai wasu 'yan kaɗan. Uba ɗaya yakan sa wa 'ya'yansa maza duka Muhammadu, ya bambanta su da ƙidayar Larabci, Lawali, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru idan Allah ya ba da yawan haihuwa. Wanda ya taɓa duba jerin 'yan jarrabawa a Zinder, wato Damagaram, ya san yadda Mahaman Lawali da Maman Sani da Mahaman Rabi'u suke cika shafi, a ɓangaren mata kuma Nana A'ishatu da Nana Hadiza da Nana Mariama. Wannan maimaici bai taɓa rikita unguwa ba, saboda sunan yanka ajiyayye ne. Ana fito da shi ranar ɗaurin aure, ko lokacin da malam zai yi wa mutum addu'a. Kiran yau da gobe daga cikin gida yake fitowa, kuma galibi daga bakin mata.

Tushensa na farko kunya ce. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Matar gida ba ta faɗin sunan mijinta, balle na surukinta ko surukarta. To idan aka mayar wa jariri sunan kakansa, da me uwarsa za ta kira shi? Sai ya zama Abba, ko Baba, ko Babangida, ko Maisuna. Mace ta zama Ummi, ko Uwani, ko Inna, ko Hajiya tun tana cikin zanen goyo. Manyan sunayen ma kowanne da abokin tafiyarsa a shirye: Abubakar ya zama Garba ko Habu, Umaru ya zama Sanda, Usmanu Shehu, Musa Kalla, Ibrahim Iro, A'isha Indo, Hauwa Kulu, Hadiza Dije, Fatima Binta. Damagaram ta ƙara nata launi a kai. Gidan sarautar garin daga Barebari ya samo asali, masarautar kuma ta daɗe tana bin Borno kafin ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa. Saboda haka a nan Abubakar yana iya zama Bukar, Ali ya zama Ari, Fatima ta zama Falmata, ba tare da kowa ya ji baƙon abu ba, musamman idan aka nufi gabas wajen Gure. Ko sarakuna laƙabi ne ya fi riƙe su a bakin jama'a. Sarki Amadu, wanda ya rasa ransa a hannun sojojin Faransa a 1899, da Kuran Daga aka san shi har gobe.

Tushe na biyu shi ne halin da aka haifi yaron a ciki. A lokacin da babu takarda, laƙabi shi ne rajistar gida. Ɗanjuma da Jummai sun faɗi ranar haihuwarsu, haka Asabe da Ladi da Talatu da Larai da Lami. Azumi da Sallau sun faɗi wata. Nomau da Anaruwa sun faɗi lokacin shekara. Tanko ya zo bayan jerin mata, Kande ko Delu ta zo bayan jerin maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi an haife shi bayan rasuwar uba, Auta ya rufe ƙofa. Tsohuwa za ta ji sunan baƙo sau ɗaya ta san rabin labarin gidansu.

Akwai kuma sunayen da hawaye ya haifa. Macen da 'ya'yanta suke mutuwa suna ƙanana, wadda ake ce wa mai wabi, takan kira wanda ya zo daga baya Ajuji ko Ayashe, don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da ido. Wata kuma roƙo take yi a fili, ta ce Abarshi, ko Abarta, ko Barmini. Malamai sun yi wa'azi a kan camfin da ke cikin wannan, kuma sun yi daidai, domin rai da ajali a hannun Allah suke. Amma kafin a yi wa waɗannan iyaye dariya a tuna abin da suka gani. Binciken lafiyar iyali da aka yi a Nijar a 1992 ya nuna cewa cikin yara 1000 da aka haifa, 318 ba sa kaiwa shekara 5. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Zuwa binciken 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Ɓacewar Ajuji daga bakin mutane aikin wa'azi ne, aikin rigakafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi ne kuma. Wannan rukuni ne kaɗai na tsofaffin sunaye da ba na baƙin cikin tafiyarsa.

Idan aka haɗa wannan duka, za a ga tsari ne mai rabon gado a cikinsa. Uba da danginsa sun ɗauki sunan yanka, da daraja da albarkar da ke tare da shi. Uwa da kaka da gwaggo sun ɗauki sunan da za a ji a tsakar gida safe da yamma. Uwar da ba a shawarce ta ba ranar huɗuba ba ta rasa komai sosai ba, domin ta san sunan da ta raɗa da bakinta shi zai bi ɗanta kasuwa da gona, wani lokaci har kabari. Mutane nawa ne sai ranar ɗaurin aurensu abokansu suka fara jin sunansu na yanka?

Takwara ita ce siyasar cikin wannan rabo, kuma har yanzu ita ce mafi ƙarfi a Damagaram. Ɗan fari namiji na mahaifin uba ne, 'yar fari ta mahaifiyarsa, dangin uwa su jira na biyu ko na uku. Mayar da sunan mamaci hanya ce ta cewa gidan bai manta ba. Sa sunan mai rai kuwa ƙulla zumunci ne mai ɗauke da haƙƙi: takwara zai kawo kayan barka, ya ɗinka kayan salla, wani ya ɗauki karatun yaron, wata ta karɓi riƙon yarinyar har aure. A gidan da ake da kishiyoyi, maigida mai hikima yakan sa wa 'yar amarya sunan uwargida, kuma sau da yawa wannan yakan kashe wutar da nasiha ta kasa kashewa. Wani ya sa sunan malaminsa, ko na shehin ɗariƙarsa, shi ya sa Tijjani da Inyas da Sanusi suke da yawa a cikinmu. Duk wannan alheri ne, kuma ina ganin gidan da ya yar da shi gaba ɗaya ya yi asara.

Inda takwara take lalacewa shi ne inda ta koma neman abin duniya. Mutum ya tsallake mahaifinsa da malaminsa ya sa wa ɗansa sunan wani attajiri ko ɗan siyasa da bai ma san gidansa ba, don a kai masa labari ya aiko da rago. Attajirin zai iya karyewa, ɗan siyasar zai iya faɗuwa ko ya yi abin kunya, yaron kuwa yana nan da sunan. Haka wanda ya sa sunan gwanin wani lokaci saboda zafin labarai, kamar yadda sunan Saddam ya yaɗu a ƙasar Hausa lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991. Zafin yakan wuce cikin shekara biyu, mai sunan ya shekara sittin yana amsa tambaya. Akwai kuma wata illa ƙarama da iyaye mata suka sani sarai: yaron da ke ɗauke da sunan suruki ba ya tsawatuwa. Uwa ta ɗaga murya, kaka ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, mai sunan Malam kike yi wa haka?" Yara da yawa sun sangarce ta wannan ƙofa.

Sai takarda ta shigo. Faransawa sun kama Zinder a 1899, garin ya zama hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Magatakardansu sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji, da ƙa'idar rubutun harshensu, kuma a kan wannan turba ofisoshinmu suka ci gaba bayan 1960. Usmanu ya zama Ousmane, Shu'aibu ya zama Chaibou, Yusufu ya zama Issoufou, Husaini ya zama Ousseini. Muhammadu shi kaɗai ana rubuta shi Mahamadou, Mahamane, Mahaman, Mamane, Maman ko Mohamed, gwargwadon hannun da ya riƙe alƙalami a ranar. A wajen dangi duk suna ɗaya ne. A wajen kwamfuta mutum shida ne daban-daban.

Dokar rajistar al'umma ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta hannun alƙali kafin ɗansa ya sami takarda. Kwana 60 ya isa a yi suna har a yi arba'in, amma ga yadda abin yake zamewa. Mai jego tana barin asibitin haihuwa tun kafin ranar bakwai, sunan bai fito ba, sai a ce uban ya dawo da shi bayan suna. Hidima ta ƙare, baƙi su watse, bashin rago ya rage, komawar ta bi ruwa. Wadda ta haihu a gida a ƙauyen Mirya ko Magarya ko Tanut, wataƙila ma ba wanda ya je ya sanar. Binciken 2012 ya nuna kusan kashi 64 cikin 100 ne na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista a Nijar, kuma karkara ce ta fi baya. Bayan shekara shida ko bakwai a kai yaro makarantar boko, wanda ya riƙo hannunsa, ƙanen uba ne ko yayansa, ya faɗi sunan da ya saba kira. A rubuta Babangida, ko Ummi, a kintaci shekara. Yawan masu ranar haihuwa 1 ga Janairu a ƙasar nan daga irin wannan kintace ya samo asali. Ranar da aka zo haɗa takardun jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, sai a tarar sunan makaranta daban, na takardar kotu daban, sunan uban ma an rubuta shi iri biyu.

Matsalar ba ta tsaya a makaranta ba. Tana jiran mutum wajen fasfo, wajen bizar aikin hajji, wajen buɗe asusun banki, wajen rabon gado idan akwai fili mai takarda. Mu kuma mutanen iyaka ne. Kano tana kimanin kilomita 240 daga nan, 'ya'yanmu suna karatu da kasuwanci da aure a can, inda za a rubuta Usman da Shu'aibu da Yusuf da wata ƙa'idar. Ga kuma jeri: a takardunmu sau da yawa sunan uba ne yake gaba, har malamin makaranta ya riƙa kiran yarinya da sunan mahaifinta, a can kuwa a ɗauka na farkon shi ne nata. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ina fatan wannan ya kai ga ranar da za a rubuta sunan Bahaushe da haruffan da zai karanta ya gane kansa. Amma uban da aka yi wa haihuwa a wannan mako, abin da ke gabansa shi ne ya tsayar da rubutu ɗaya ya riƙe shi a kowace takarda.

Wannan sauyi ne ya haifi yunwar sababbin sunaye, kuma a nan nake saɓa wa masu cewa lalacewar tarbiyya ce kawai ko kwaikwayon fim. Tunda yanzu sunan yanka shi ake kira a aji da ofis da waya, aikin bambancewa da laƙabi yake yi a da ya dawo kansa. Uwar da ta yi makaranta ta zauna aji ɗaya da Nana Hadiza biyar, ta san yadda abin yake, tana son 'yarta ta amsa kira ita kaɗai. Kuma tunda laƙabin cikin gida ya rage ƙarfi, har matasan ma'aurata da yawa sun daina ɓoye sunan ɗan fari, rabon da mata suke da shi ya tsuke. Abin da ya rage musu shi ne su nemi baki a cikin sunan yankan kansa. Wayar hannu da tashoshin tauraron ɗan'adam da finafinan Kano da na Indiya da na Turkiyya sun kawo kayan zaɓi ne kawai, buƙatar ta riga su zuwa.

Wani ɓangare na wannan sabon yayi ya faɗaɗa mana taska. Wa'azin shekarun baya-bayan nan da yawan zuwa Makka da Madina karatu sun fito da sunayen sahabbai da kakanninmu ba su cika sawa ba: Sumayya, Nusaiba, Khaula, Rumaisa'u, Mus'abu, Ammaru, Huzaifa. Kowane ɗaya akwai mutum a bayansa, akwai tarihin da za a ba yaro idan ya tambaya. Sumayya ita ce ta farko da ta yi shahada a Musulunci, Mus'abu shi aka fara aikawa Madina ya koyar da Alƙur'ani. Wanda ya zaɓi irin waɗannan bai bar turba ba.

Damuwata tana kan sunan da aka ɗauka don daɗin amo kawai. Jerin da ke yawo a intanet da Facebook cike yake da fassarar da babu ita a kowane ƙamus, kusan kowane suna a ce ma'anarsa "kyautar Allah" ko "furen Aljanna". Wasu kuma suna ganin duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ta isa suna, alhali a cikinsa akwai sunayen azaba da na kafirai da kalmomin da ba sa tsayuwa su kaɗai. Wani ya ji muryar limamin Harami ta burge shi ya sa wa ɗansa Sudais, bai san cewa wannan sunan zuriya ne ba, limamin kansa Abdurrahman ne. Wani ya sa Abdul ya tsaya nan, bawa ba a faɗi na wa ba, ko a gutsure gaban a bar wa yaro Rahman tsura, sunan da Allah kaɗai ya dace da shi. Maganin wannan bai fi tafiyar minti goma ba. Babu unguwar da ba ta da malamin da ya san Larabci a Zinder, daga Birni har Zango har Garin Malam. A je a ce, "Allah gafarta Malam, ga sunan da muke so, mene ne asalinsa?" Kuma a gwada shi a bakin tsofaffin gida. Sunan da kakar yaro ba ta iya furtawa za ta lanƙwasa shi yadda harshenta ya iya, kuma nata ne zai bi unguwa.

Ina mamakin yadda muke tsallake harshenmu a wannan nema. Mai son sunan da ba kowa ke da shi ba, mai ma'anar da kowa zai gane ba tare da ƙamus ba, ga Kyauta, ga Alheri, ga Godiya, ga Nagode, ga Dogara, ga Wada da Yalwa. Hausawa Kirista sun riƙe irin waɗannan suna sa wa 'ya'yansu, mu kuwa mun bar su a matsayin laƙabi, laƙabin ma yana ɓacewa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ya yi yanka da su ba, ba abin da ya hana shi haɗawa: sunan annabi ko sahabi a gaba, na Hausa a biye, a rubuta duka biyun a takarda tun ranar farko. Ta haka kaka ta sami takwararta, uwa ta sami nata, takarda kuma ba ta ƙaryata bakin gida ba. Laƙabin da ya kamata a kashe da gangan shi ne na tsokana, wanda aka ciro daga launin fata ko tawayar jiki ko wani kuskuren yarinta. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana jifan juna da munanan laƙubba, kuma irin wannan suna idan ya kama yaro a shekara uku yakan bi shi har furfura.

Maganar uwa ita ce ta fi tsaya mini a rai. Malamai sun ce idan aka yi saɓani, magana ta ƙarshe ta uba ce, tunda da sunansa za a danganta yaron, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta yi umarni a kira 'ya'ya da iyayensu maza. Amma samun magana ta ƙarshe bai hana a ji ta farko daga wani bakin ba. A Suratu Ali Imrana, aya ta 36, matar Imrana ce da kanta ta ce ta sa wa 'yarta suna Maryamu, kuma Alƙur'ani ya kawo maganar ba tare da zargi ba. Har yau akwai gidajen da mace za ta ɗauki ciki wata tara, ta sha naƙuda, tana zaune a ɗaki da ɗanyen jiki, sai ta tsinci sunan ɗanta daga muryar maroƙi ta bayan katanga, daidai lokacin da maƙwabta suke ji. A da tana da laƙabi ta rama da shi. Yanzu da wannan ƙofa take rufewa, hana ta baki ya zama hana ta komai. Miji ya zauna da matarsa tun cikin yana wata bakwai ko takwas, su ware na namiji da na mace, ya faɗa mata wanda yake jin nauyin mayarwa a danginsa, ta faɗi nata. Idan na farko ya tafi wajen dangin uba, a yi alkawarin na biyu, a kuma cika. Iyayen miji ma a sanar da su kafin ranar, cikin ladabi, don kada su ji a taro.

Bayan an watse daga zanen suna, wanzami ya gama aski, an raba nama, akwai sauran aiki ɗaya da bai kamata ya kwana da yawa ba. Uban ya je da kansa inda aka haihu ko ofishin magajin gari, kada ya aiki yaro. Ya tafi da katinsa na ɗan ƙasa da na matarsa, don a kwafi sunayensu harafi da harafi yadda suke a can. Ya rubuta sunan jaririn a 'yar takarda tun daga gida, ko ya sa wanda ya iya ya rubuta masa, ya miƙa wa ma'aikacin. Idan takardar ta fito a karanta masa ita kafin ya bar wurin, suna da rana da wata da shekara, domin kuskuren da aka gani a teburin ana gyara shi nan take, wanda aka gano bayan shekara goma kuwa sai an koma gaban alƙali da shaidu.